Tambaya da Amsa: Shin Talaka Yana da Haƙƙin Sanin Abin da Shugabanni Suka Mallaka?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a ƴan makonnin nan sun taru ne a kan magana guda, wato dukiyar masu riƙe da muƙaman gwamnati da albashinsu, da kuma ko talaka yana da ikon yin tambaya a kansu. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar firamare ne a cikin garin Tawa. Na sha ji a rediyo cewa doka ta wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci su bayyana abin da suka mallaka idan sun kama aiki. Shin da gaske akwai wannan doka a Nijar? Idan akwai, me ta ce, kuma a ina mutum irina zai ga takardar?
Daga wani malamin makaranta, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka wa malamai da alheri. Abin da ka ji yana da tushe, domin an rubuta shi dalla-dalla a cikin kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta Bakwai, na ranar 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka yi aiki da shi har zuwa Yulin 2023. Ayar doka ta 51 ta ce cikin awa 48 bayan rantsar da shugaban ƙasa, sai ya miƙa wa shugaban Kotun Tsarin Mulki rubutaccen bayanin dukiyarsa, wanda ya sa wa hannu bisa amanarsa da mutuncinsa. Ayar doka ta 78 kuma ta ba firaminista da ministoci kwana 7 daga ranar kama aiki su miƙa nasu ga kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnati, wadda aka fi sani da Cour des comptes. Kundin bai tsaya a nan ba, ya ce a sabunta bayanin kowace shekara da kuma ranar sauka daga muƙami, a buga shi a jaridar hukuma ta Journal Officiel da sauran kafafen yaɗa labarai, sannan duk wani bambanci da aka gani tsakanin bayanin farko da na shekarun da suka biyo baya, dole mai shi ya faɗi inda ya fito. Wanda ya rubuta ƙarya kuwa, ana iya gurfanar da shi gaban shari'a.

Wannan magana ta bambanci ita ce zuciyar dokar, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Da yawa suna ɗaukar cewa amfanin bayanin shi ne a san wane minista ne mai kuɗi, wane ne kuma ba shi da komai, alhali ba wannan ake nema ba. Idan mutum zai ba makiyayi kiwon dabbobinsa, su biyun suna tsayawa ne a bakin garke su ƙirga tare, har da na makiyayin in yana da su, domin ranar da aka dawo daga mashekari kada gardama ta tashi a kan wace saniya ce ta wa. Bayanin farko shi ne wannan ƙirgar. Shi kaɗai ba ya kama kowa, amma idan aka ajiye shi kusa da na shekara ta biyu da ta uku da ta biyar, aka ga gida ɗaya ya zama huɗu, fili biyu sun zama goma, to a nan ne ake kawo albashin mutumin a auna, a ga ko lissafin ya haɗu.

Ka san an dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma tun Maris 2025 ƙasar tana tafiya ne a kan kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu. Sai dai wajibcin bayyana dukiya bai taɓa dogara ga wannan kundi shi kaɗai ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci a 2008, ta kuma amince da ta Tarayyar Afirka da aka ƙulla a Maputo a 2003, wadda ta nemi jami'an gwamnati su bayyana dukiyarsu lokacin shiga aiki, da lokacin da suke ciki, da bayan sun fita. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa, wadda har yanzu Nijar take cikinta, ita ma ta fitar da ƙa'idar gudanar da kuɗin gwamnati a fili a 2009, kuma bayyana dukiya yana cikinta. A ganina duk wani tsari da ƙasar za ta zauna a kansa, na soja ne ko na farar hula, bai kamata ya gaza abin da aka rubuta a 2010 ba, sai dai ya ƙara a kai.

Game da inda za ka ga takardar, a nan ne nake ganin aka fi gazawa tun can baya. Jaridar hukuma da Faransanci ake buga ta, a Yamai ake samunta, kuma ba ta isa Keita ko Buza ko Illela, balle ƙauyukan da ke bayansu. Bayanin da aka buga inda mai shi ba zai iya karantawa ba, da kaɗan ya fi wanda aka kulle a akwati. Tunda yanzu an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu abin da zai hana a karanta waɗannan bayanai a gidan rediyon Muryar Sahel da rediyoyin karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci, kamar yadda ake karanta sanarwar naɗin muƙamai bayan taron majalisar ministoci. Wanda aka sanar da shi ranar da aka naɗa minista, ya cancanci a sanar da shi abin da ministan ya shigo da shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna yawan musu da maigidana a kan wannan batu. Shi yana cewa arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so, kuma bin diddigin dukiyar mutum hassada ce da tonon asiri, waɗanda addini ya hana. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Wane ne ke da gaskiya a cikinmu?
Daga wata ƴar kasuwa, unguwar Wadata, Yamai.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Maigidanki yana da gaskiya a kan cewa arziki na Allah ne, kuma bin diddigin dukiyar maƙwabci ko abokin kasuwa ba halin kirki ba ne. Inda maganarsa ta kauce shi ne haɗa mai riƙe da amanar jama'a da mai juya kuɗin kansa. Ke da kike sayar da kayanki a kasuwa, babu wanda ya isa ya ce ki faɗi ribarki, in ban da ma'aikatan haraji. Amma wanda ke sa hannu a fitar da kuɗin baitulmali, ko ya raba kwangila, ko ya yanka filaye, kuɗinki ne da na sauran masu biyan haraji ke ratsawa ta hannunsa, don haka tambayarsa lissafi haƙƙi ne na mai dukiya.

Addini ma a wannan ɓangaren yake. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware kayan gida biyu, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi magana a bainar jama'a, ya tambaya me ya hana mutumin ya zauna a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ki lura da cewa a bainar jama'a aka yi maganar, ba a keɓe ba. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, idan daga baya ya ga ƙarin da bai gamsu da asalinsa ba sai ya karɓi wani kaso ya mayar baitulmali, ko da kuwa gwamnan sahabi ne. Babu wanda ya taɓa kiran wannan hassada. Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa dokarmu ta 1992 a kan tara dukiya ta haramtacciyar hanya, a kan wannan tushe take: wanda dukiyarsa ko irin rayuwar da yake yi ta wuce abin da halattaccen samunsa zai iya ɗauka, sai ya yi bayani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. A gaskiya ban ga amfanin wannan abu ba. Kowa ya san yadda ake yi: gida da sunan mata, fili da sunan ƙane, kamfani da sunan aboki. Mutum zai rubuta mota ɗaya da gida ɗaya, alhali unguwa guda tasa ce. Ba ɓata takarda kawai ake yi ba?
Daga wani ɗalibi, Yamai.

AMSA: Ɗana, abin da ka faɗa yana faruwa, kuma ba a Nijar kaɗai ba. Amma abin da maganarka ta nuna shi ne bayanin da ba a bincika ba shi ne maras amfani, kuma maganin wannan shi ne a yi binciken, ba a jefar da bayanin ba.

Ka ɗauki fili a matsayin misali, tunda a nan ne kuɗin da ba a son a gani suka fi ɓuya a Yamai. Duk filin da aka yanka a hukumance yana da lamba, yana da takardar da ofishin magajin gari ya bayar, wasu kuma suna da cikakkiyar takardar mallaka a ofishin kula da filaye. Mota tana da takardar rajista, kuma ta bi ta hannun duwan kafin ta shigo. Kamfani yana da rajistar kasuwanci da lambar haraji. Wato kusan duk abin da ake ɓoyewa ya bar sawu a wani ofishin gwamnati. Alƙalin da aka ba shi iko da ma'aikata, idan ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da filaye shida da sunansa a bayan gari, ko matar aure wadda ba ta taɓa yin rajistar ko da shago ba amma ga bene hawa uku da sunanta, ya san tambayar da zai yi da wanda zai yi wa. Abin da ya sa hakan ba ya yawan faruwa shi ne waɗannan ofisoshi ba sa haɗa bayanansu wuri guda, yawancin rajistar a kan takarda take ba a kwamfuta ba, kuma masu binciken ba su da yawa idan aka kwatanta da takardun da ke gabansu. Waɗannan duka abubuwa ne da ake iya gyarawa idan da niyya.

Akwai kuma gyaran da ya shafi dokar kanta. A Najeriya, kundin 1999 ya wajabta wa jami'i ya haɗa da dukiyar ƴaƴansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, ya miƙa wa hukumar kula da ɗa'ar ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. A nan sun fi mu faɗaɗa abin. Amma a wani wajen kundinmu na 2010 ya fi nasu, domin a can hukumar tana ajiye takardun ne ba ta buga su, sai wanda ya ga dama ya fitar da nasa. Marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya fitar da nasa a 2007, dukiyar da ta kai kimanin naira miliyan 856, kuma har yau ana ambatonsa da wannan. Marigayi Muhammadu Buhari ya fitar da taƙaitaccen nasa a 2015, inda aka ji shanu 270 da tumaki 25 da dawaki biyar da gidajen ƙasa biyu a Daura. Abin da ya dace da mu shi ne a haɗa biyun, a sa mata da ƙananan ƴaƴa a cikin bayanin, a kuma riƙa buga shi kowa ya gani. Bugawar tana da wani amfani da alƙali ba zai iya samarwa ba, domin magini da ya yi aikin gidan, da mai gadin da ke kwana a ƙofarsa, da dillalin da ya sayar da filin, duk sun san mai shi na gaskiya, kuma idan suka ji jerin da aka karanta babu gidan a ciki, sun san an yi ƙarya. A Yukren, da aka buɗe irin wannan bayani a intanet a 2016, ƴan jarida da sauran jama'a ne suka riƙa tono tsabar kuɗi da agogunan alfarma da ba su yi daidai da albashin masu su ba.

Game da kamfani da sunan aboki, kundin 2010 ya riga ya hango shi. Ayar doka ta 52 ta hana shugaban ƙasa da firaminista da ministoci da ƴan majalisa da shugabannin manyan hukumomi su sayi ko su yi hayar wani abu na gwamnati, ko su shiga kwangilarta, da kansu ko ta hannun wani. Wannan ita ce ƙofar da manyan kuɗi ke fita, ba albashi ba. Za ka tuna cewa a farkon 2020, ƴan makonni bayan an kashe sojojinmu 71 a Inates da wasu 89 a Shinagodar, binciken da aka yi a kan kwangilolin sayen kayan soja ya ambaci asarar kuɗi sama da biliyan 76 na sefa ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya amma ba su iso ba. Ina kawo wannan ne don ka ga cewa maganar ba ta takarda ba ce kawai, a wasu lokutan rai ne ke bin bayanta. Saboda haka duk kamfanin da zai karɓi kwangilar gwamnati ya kamata a wajabta masa ya faɗi sunan mutumin da ribar ke shiga aljihunsa a ƙarshe, ba sunan da ke kan rajista kaɗai ba.

Hukumomin yaƙi da cin hanci kuwa mun ga irinsu da dama, tun daga kwamitin binciken laifuffuka da almundahana na babban taron ƙasa na 1991, zuwa HALCIA da aka kafa a 2011, zuwa COLDEFF da ta zo a 2023. Kowacce takan fara ne da waɗanda suka sauka. Ma'aunin da nake auna kowace irin wannan hukuma da shi shi ne ko tana iya kiran wanda ke kan kujera a yau ta tambaye shi, kamar yadda take kiran na jiya.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya. Ana ta maganar shugabanni, amma ba a maganar mu da ke cika ƙofar gidajensu. Ranar da aka naɗa ɗan garinku, daga suna sai biki sai kuɗin magani sai kujerar Makka, duk a kansa. In ya ce albashinsa bai kai ba, a ce marowaci ne, ya manta da asalinsa. Kuma mu a Adar, da yawa gidajenmu ƴan'uwa ƴan ci-rani ne suka gina su. Yaya za a raba wannan da sata?
Daga wani dattijo, Tawa.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kun taɓo inda yawancinmu ba ma son a taɓa. Jerin mutanen da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gidan sabon minista tun bayan sallar asuba, kowa da takardar magani ko katin biki a hannu, babu albashin da zai iya sallamarsu, kuma mu da ke zaune a wurin mun san haka. Wanda ya nemi mai muƙami ya ba shi abin da ya fi ƙarfin albashinsa, ya riga ya nuna masa hanyar baitulmali, ko da bai furta ba.

Wannan ne ya sa nake ganin bayyana dukiya ba ya cika sai an haɗa shi da bayyana abin da ake biya. Kowa ya san mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa jaka 42 a farkon 2024, kuma malamin makaranta da ma'aikacin jinya kowa ya san abin da suke ɗauka. To haka ya kamata a san na minista da gwamna da babban daraktan kamfanin gwamnati, kuma ba tsurar albashi kaɗai ba, har da kuɗin gida da na mai da na tafiye-tafiye da na zaman taro, domin sau da yawa waɗannan alawus-alawus ɗin sun fi albashin kansa nauyi. Idan adadin ya zama sananne a Tawa kamar yadda farashin buhun albasar Galmi yake sananne, mai gaskiya ya sami abin da zai kare kansa da shi gaban dangi, ya ce ga abin da nake samu, ga abin da zan iya. Ku da kuke da girma a gari, kalmarku a nan ta fi ta kowace hukuma tasiri, domin idan dattijo ya ce a rage wa yaron nan nauyi, ana ragewa.

Batun gidan da ƴan ci-rani suka gina kuwa, shi ma bayyanawar ce ke warware shi. Wanda yayansa ya shekara ashirin yana kasuwanci a Abijan ko Libarbil ya aiko aka gina gidan gado, sai ya rubuta haka tun ranar farko: gida kaza a unguwa kaza, na gado ne, mu bakwai ne a kansa, an gina shi shekara kaza kafin in kama aiki. Haka garken shanu da gonar albasa da ya gada. Idan kuma yana kan muƙami ne ɗan'uwan ya aiko da kuɗi, kamfanonin aika kuɗi suna ba da rasit mai ɗauke da suna da rana da adadi, sai ya ajiye shi ya haɗa da bayanin wannan shekarar. Abin da mai bincike zai duba a nan guda biyu ne: ko sana'ar ɗan'uwan tana iya ɗaukar abin da aka ce ya aiko, da kuma ko shi ɗan'uwan yana da wata kwangila ko wata buƙata a ma'aikatar da ƙanensa ke shugabanta.